Abin da ke cikin rumbu shi ke zaɓar sensa

Aikin lantarki nake yi a wata masana'antar abincin kaji da ke hanyar Bukuru, a Jos. A da, in ana son sanin abin da ya rage a rumbun ƙarfe, yaro ake turawa ya hau tsani ya zura igiya mai ɗaure da guntun rodi. Hankalina bai taɓa kwanciya da haka ba, domin hatsi kan haɗiye wanda ya faɗa cikinsa. Shi ya sa da manaja ya amince a sa sensa, wato na'urar da ke auna yawan kayan da kanta, na riƙe aikin hannu bibbiyu.

Da tankin ruwa muka fara, muka sa sensa mai aiki da sauti, wadda ake kira altirasonik. Tana jefa sautin da kunne ba ya ji, ya bugi saman ruwa ya dawo kamar amsa-kuwwa a tsakanin duwatsu, ita kuma ta lissafa nisa daga lokacin da ya ɗauka. To amma gudun sauti yana bin yanayi: kusan mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20, yana kuma ƙaruwa da kimanin mita 0.6 kan kowane digiri. Duk wanda ya san Jos ya san tazarar sanyin asubar hunturu da ranar azahar. Sensar tana gyara lissafinta da ma'aunin zafin da ke jikinta, sai dai in rana ta gasa kanta, zafin jikinta take ji, ba na iskar tankin ba. 'Yar rumfar kwano muka yi mata, karatun ya daina yawo.

Da manaja ya ga haka ya ce, "Malam, a sayo irinta a sa wa duka rumbunan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari in jarraba ta a rumbun dusa tukuna."

Ana kunna injin lodi ƙura ta turnuƙe, sautin ya ɓace a cikinta, karatun da ke kan allo ya riƙa tsalle daga rabi zuwa cike. Bayan mako na hau na duba: dusa ta yi wa fuskar sensar ɓawo, sai da na kankare da yatsa. A nan rada muka sa, mai gigahaz 80, wadda igiyar rediyo take jefawa, ƙura da zafi ba su cika damunta ba. Ta fi tsada, amma tun ranar ba wanda ya sake hawa da igiya. Wurin ɗaura ta ma abin lura ne. Hatsi ba ya kwanciya daidai irin na ruwa. Yana tsini a tsakiya lokacin zubawa, ya yi rami lokacin kwashewa. Don haka muka kauce wa tsakiya, da bango, da bakin da kaya ke zubowa.

Can sama kuma na dage aka ƙara wata ta daban, mai 'yar farfela da ke juyawa a hankali. Da zarar dusa ta taɓa ta ta tsaya, injin lodi ya mutu, ko da rada ta samu matsala.

Duk masu auna yawan kayan suna aika saƙo ta wayar lantarki, da ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta, daga mili-amfa 4 zuwa 20: 4 na nufin babu komai, 20 an cika. Hikimar farawa daga 4 ita ce, in ka ga sifili ka san waya ta yanke ko wuta ta ɗauke, ba wai kaya sun ƙare ba. A gidan da masara take ɓeraye ba sa ƙarewa, kuma sun sha gwada mana amfanin wannan. Yanzu duk wayoyinmu cikin bututun ƙarfe suke bi, daga kan rumbu har ɗakin sarrafa injuna.