Laraba a Hugumon: dalma, igiya da fensir

Muna aikin tono kayan tarihi a Hugumon, wani gidan gona da ke filin yaƙin Watalu a ƙasar Belgium. An kwana ana ruwa, gari ya waye ramin da muka haƙa a gindin katangar lambu ya zama kududdufi. Ƙasar Watalu yumɓu ce, ba ta shanye ruwa da wuri, kuma irin wannan ruwan aka sha a daren da aka wayi gari aka gwabza yaƙi tsakanin sojojin Faransa da na Ingila da ƙawayenta, 18 ga Yuni 1815. Sai da aka kwashe ruwan ramin da soso da bokiti kafin a taɓa komai.

Masu na'urar gano ƙarfe sun bi fili layi-layi. Inda ta yi ƙara a kafa 'yar tuta, a ɗauki wurin da GPS, sannan a tono, a sa a leda mai lamba. Harsashin da ba a rubuta inda ya kwanta ba ya tashi daga shaida, ya koma guntun dalma. Rabin abin da ya fito ma tarkace ne, ƙusoshi da murafun kwalba.

Rarrabe harsasan shi ya ci rana. Na bindigar Ingila, Brown Bess, faɗinsa wajen milimita 17.5 ne, nauyinsa giram 30 da 'yan kai. Na Faransa wajen 16.5, kuma bai kai shi nauyi ba. Tazarar milimita ɗaya ce tak, ido ba ya rabewa, sai ma'auni. Wanda ya daki katanga ya baje kamar ƙosai kuwa, awon faɗi bai da amfani a kansa, sikeli ake ɗora shi. Ko a haka a yi hattara, domin wasu rundunonin da ke ɓangaren Wellington, kwamandan Ingila, ma bindiga ƙirar Faransa suka riƙe.

Bayan azahar na zana bangon ramin. Ƙusa biyu, igiya a tsakaninsu, a daidaita ta da ma'aunin ruwa, a shimfiɗa tef a jikinta. Duk santimita 20 a auna daga igiya zuwa iyakar kowane hawa na ƙasa, a ɗiga a takarda, santimita 10 na ƙasa ya zama 1. Takardar roba ake amfani da ita da fensir mai tauri 6H, don ta gargajiya jiƙewa take, fensir mai laushi kuma ya dame. Igiyar yau ta sha ruwa ta saki, tsakiyarta ta sauka santimita biyu, sai hawan baraguzan bulo ya fito da doro a zane alhali a miƙe yake. Na goge, na ɗaure sabuwa ta nailan, na sake daga farko. Danshin dai ya yi amfani guda: launin ƙasa ya fito sarai, ba sai an fesa ruwa ba.

Da yamma a tebur, na zana harsashi ɗaya da ba a harba ba, ninki biyu na girmansa, haske daga sama ta hagu, inuwa da ɗigo-ɗigon tawada. Farar tsatsar dalma tana ɓoye layin da bakin mazubin da aka zuba dalmar a ciki ya bari da gurbin da aka datse wutsiyar zubi, hoto ba ya kama su sai an juya shi a hannu an laluba. Ba a kankare farin nan, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci. Maɓallin tagulla mai lambar runduna sai gobe, laka ta rufe rabin lambar.