Gadar Dutse da Kogin Danube a Regensburg

Birnin Regensburg yana cikin jihar Bavariya a kudancin Jamus, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa daga Munik, kuma an kafa shi ne a daidai inda kogin Danube ya ƙure tafiyarsa zuwa arewa, kafin ya karkata kudu maso gabas ya ratsa Viyana da Budafes da Belgired har ya zube a Bahar Aswad. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar garin shi ne ya yi mini jagora. Da muka fito daga tashar jirgi na tambaye shi ta ina za mu fara, sai ya ce, "Kawu, mu fara zuwa bakin ruwa, domin duk abin da za ka gani a cikin gari daga can ya samo asali." Maganarsa gaskiya ce, kuma a kanta nake so in yi wannan rubutu.

Rumawa ne suka gina sansanin soja a wurin a shekara ta 179, zamanin sarki Marcus Aurelius, lokacin da kogin yake iyakar daularsu ta arewa. Har yau ana ganin ragowar ƙofar sansanin, manyan duwatsu da aka jera suka shige cikin bangon wani gini na baya, 'yan taku kaɗan daga gaɓa. Ba mu daɗe a nan ba, saboda hankalina yana kan gadar.

An fara gina wannan gada ta dutse a 1135, aka gama a 1146, tsawonta ya haura mita 300, kuma da farko bakunan gizo 16 ne suke ɗauke da ita. Kusan shekara 800 ita kaɗai ce gadar da garin yake da ita ta ƙetare Danube gaba ɗaya, don haka fataken da ke tsakanin Italiya da arewacin Turai suka riƙa bi ta kanta, dukiyar garin ta bunƙasa, har ya zama birni mai cin gashin kansa a 1245. Dogayen husumiyoyin da attajiran wancan zamani suka gina a gidajensu suna nan tsaye a tsakiyar gari, suna nuna yawan abin da gadar ta jawo. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne ƙafafunta. Magina sun kewaye kowace ƙafa da wani dandamali mai tsini a gaba, wanda yake raba ruwa da ƙanƙarar da kogin ke kwasowa da hunturu, don kada su daki ginin kai tsaye. Wannan dabara ta kare gadar, amma ta matse hanyar ruwa, shi ya sa idan mutum ya leƙa ƙasa zai ga ruwan yana kutsawa da ƙarfi yana juyi a bayan ƙafafun. A dā jiragen da suka nufi sama ba sa iya wucewa da ƙarfin kansu, sai an ja su da igiya daga gaɓa, da farko da dawaki, daga baya kuma da injin lantarki.

A bakin gadar ta wajen tsohon gari akwai katafaren rumbun gishiri mai dogon rufi, wanda aka gina tsakanin 1616 da 1620. Gishirin daga yankin duwatsun kudu yake fitowa, a bi da shi ta kogin Salzach da na Inn zuwa Passau, sannan a ja shi sama a kan Danube zuwa nan, a sauke, a karɓi haraji, a rarraba shi zuwa wasu garuruwa. Duk Bahaushen da ya ji labarin ayarin Azbinawa masu kawo kantun gishirin Bilma zuwa Kano ba zai sha wahalar fahimtar yadda gishiri ke raya gari ba. Yanzu an mayar da rumbun cibiyar baƙi, inda ake bayanin tarihin garin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2006. A gefensa akwai wani ƙaramin tsohon ɗakin gasa nama da ya shahara ƙwarai, mutane na layi a ƙofarsa, sai dai naman alade ake gasawa, don haka muka wuce muka sayi burodi da shayi a gaba.

Gadar ta sha wahala a tsawon rayuwarta. Husumiya uku take da su, ɗaya ce ta rage: ta tsakiya ambaliya da ƙanƙara suka lalata ta a 1784, ta arewa kuma yaƙin Napoleon na 1809 ne ya yi sanadinta. A watan Afrilun 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus da kansu suka fasa wani ɓangare nata don tare abokan gaba. Bayan yaƙi kuma nauyin motoci da gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara suka ci gaba da cin duwatsun. Sai mahukuntan garin suka hana motocin jama'a hawa a 1997, suka hana bas da tasi a 2008, sannan suka shafe daga 2010 zuwa 2018 suna gyara. Yau masu tafiya a ƙasa da masu keke kaɗai ke bi. Na tabbata wannan hukunci ya takura wa mutane da yawa da suka saba yanke hanya ta nan, amma ina ganin daidai ne, domin in ba don shi ba da ba mu tsaya a tsakiyar gadar cikin natsuwa muna kallon husumiyoyin babbar majami'a, masu tsawon mita 105, suna leƙowa ta saman jajayen rufin gidaje ba.

Daga tsakiyar gadar akwai hanyar sauka zuwa tsibirin da ke cikin kogin, inda muka tarar da iyalai zaune a kan ciyawa da dalibai suna karatu a inuwa. A ƙarshenta kuma akwai unguwar Stadtamhof, wadda a dā gari ne dabam ƙarƙashin sarautar Bavariya, sai a 1924 aka haɗe ta da Regensburg. A jikin bangon wasu tsofaffin gine-ginen bakin ruwa na ga layuka da shekaru a rubuce, kowane layi yana nuna inda ruwa ya kai a wata ambaliya. Ɗan yayata ya nuna mini wuraren da ake kafa katangar ƙarfe ta wucin gadi idan kogi ya fara cika, kamar yadda aka yi a babbar ambaliyar 2013, a kwashe ta bayan ruwa ya janye. Mutanen garin ba su guje wa kogin ba, kuma ba su manta da ɓarnarsa ba.

Wannan ne ya fi damuna game da Kaduna. Kogi ya ratsa tsakiyar garinmu, amma yawancinmu ta tagar mota muke ganinsa idan muna ƙetare gada, sai kuma da damina idan ya shiga gidajen mutane a Kigo Road da sauran unguwannin da ke kwari. Muna da lambun Gamji a bakin ruwa, kuma a cikinsa akwai ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga da aka gina a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa nan, amma da yawa daga yaran garin ba su taɓa taka ta ba. Bayan lambun, gaɓar ta zama bayan gida da wurin zubar da shara, ga gine-gine da aka dasa a kan hanyar ruwa. Ba na cewa mu gina abin da Regensburg ta gina, domin tarihinmu da yanayin koginmu dabam ne. Abin da nake fata shi ne a samu hanyar ƙafa mai tsabta da bishiyoyi da fitilu daga Gamji zuwa babbar gada, a kuma zana a jikin ƙafafun gadojinmu inda ruwa ya kai a kowace ambaliya tare da shekararta, yadda duk wanda zai sayi fili a bakin kogi zai fara zuwa ya duba kafin ya biya kuɗi.