Kwana huɗu a ƙarƙashin gawo

Inna ce ta jawo tafiyar. Ita 'yar ƙasar Damagaram ce, aure ya kawo ta Kano tun ba a haife ni ba, kuma duk sanda zafin bazara ya ishe ta sai ta ja tsaki ta ce, "A garinmu da yanzu ina ƙarƙashin gawo." Ni kuwa a raina dariya nake yi, don abin da na ɗauka shi ne daga ka wuce Daura sai rairayi har Agadas. Da ƙaninta ya aiko cewa zai aurar da autarsa, ita kuma ciwon ƙafa ya hana ta motsi, sai ta haɗa mini goro da turamen atamfa biyu ta ce in je in wakilce ta. Watan Fabrairu ne, hunturu ya fara ja da baya.

Hanyar ba wata mai wuya ba ce: Kano, Kazaure, Daura, Kwangwalam, ka tsallaka Ɗan Barto, sai Matamai. A Matamai na fara cin karo da jahilcina. Ɗan kabu-kabu ya ce zai kai ni ƙauyen su Kawu a kan jika ɗaya da dala ɗari, na tsaya ina kallonsa kamar ya yi mini Larabci. Ashe a can dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuwa sefa dubu, wato dubu ɗaya da ɗari biyar yake nufi. Wanda zai je ya haddace wannan lissafi tun daga gida, kuma ya canji kuɗinsa ƙanana, domin a ƙauye ba mai canjin takardar jika goma.

Mun bar kwalta muka shiga turɓaya, babur na ta wutsil-wutsil, ni ina rungume da atamfar Inna. Can muka hau wani ɗan tudu, sai na ce masa ya tsaya. Duk inda na waiwaya kore ne. Ƙasa ta bushe ƙamas, karan gero ya zube, ciyawa ta zama ruwan toka, amma a sama itatuwa ne manya da ƙanana sun yi lif da ganye har inda ido ya ƙare, ƙauyen ma ba a hango shi sai ɗan hayaƙi da ke tashi daga tsakiyarsu. Na ce, "Wannan wane daji ne?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ba daji ba ne, gonaki ne." Na ji maganar amma ban fahimce ta ba sai washegari.

Ko ruwa ban gama sha ba Kawu ya ce in tashi mu je gaida mai gari. Na so in ce a bari sai na huta, sai na ga fuskarsa ba ta wasa ba ce. Muka cire takalma daga nesa, muka durƙusa, Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan yayata ne ta Kano." Tsohon ya ƙura mini ido ya ce, "Ga hancin nan na gidanku. Ina uwar taka, ta manta da mu?" Na miƙa goro, ya sa albarka. Wannan ɗan zaman na minti goma shi ya buɗe mini ko'ina, don kafin magariba duk garin ya san ko ni wane ne, ba wanda ya sake yi mini kallon ɗan leƙen asiri ko da ya gan ni ina yawo da waya a bayan gari.

Da asuba ɗan Kawu, taubashina, ya tashe ni mu zaga. Tun daga ƙofar gida ya fara yi mini tsiya a kan takalmina, wani sau-ciki mai tsada da na saya don biki. Bai yi ƙarya ba. Kafin mu yi nisa ƙarangiya ta lulluɓe ƙafar wandona da safata, in na sa hannu in cire sai ta koma yatsa, ga ƙayar gawo fara mai tsini a zube ko'ina. Shi da takalminsa na tayar mota ko a jikinsa.

A ƙarƙashin wani ƙaton gawo na ga 'ya'yansa sun zubo, masu launin ruwan goro, a nannaɗe kamar kunne. Suka ba ni sha'awa, na cire hula na fara tsinta in kai wa Inna tsaraba. Hular ta kusa cika sai na ji murya daga bayan wani rumbu: "Kai, wane ne nan?" Wata tsohuwa ce da ƙwarya a hannu, ta nufo mu tana faɗa. Taubashina ya tare ta yana dariya: "Yi haƙuri, Iya, baƙo ne. Bakano ne, bai san gawo na da mai shi ba." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, baƙo makaho ne ko da idonsa. Juye mini nan." Na juye mata a ƙwarya, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta ji ɗan wace ce ni, sai ta ɗebo guda biyar ta mayar mini a hula ta ce in kai wa ƙawarta.

A nan maganar ɗan kabu-kabu ta zauna mini. Kowace bishiya da na gani daga kan tudun nan a cikin gonar wani take, kuma an san mai ita. 'Ya'yan gawo abincin dabbobi ne a lokacin da babu ciyawa, ana cika buhu da su a kai kasuwa, yara kan yi sammako su tsince na gonarsu kafin awaki su riga su. Ni da na girma ina ganin itace a bayan gari na kowa ne, tsintuwa na ɗauka nake yi, alhali hannu na sa a rumbun mutane.

Shi gawo halinsa daban ne da na sauran itatuwa, kuma wannan halin ne ya sa manomi ke ƙaunarsa. Da damina ta sauka, lokacin da kowace bishiya ke tofo, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara, don haka ba ya tare wa shuka rana. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi irin yadda wake da gyaɗa ke yi. Da rani kuma ya yi ganye, shanu su kwanta a inuwarsa su bar kashinsu a wurin. Taubashina ya nuna mini kututturen karan gero na bara: na gindin gawo kauri ne da su kamar rake, ka yi taku ashirin daga inuwar sai ka ga sun sirance. Wanda ya je da damina zai ga gero ya yi kyau amma zai ɗauka itatuwan sun mutu. Mai son ya ga abin da na gani, ya je tsakanin Disamba da Maris.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hantsin da na bi Kawu gonarsa. Ya tsuguna gaban wani ɗan cunkus na kalgo wanda bai kai gwiwata ba, irin wanda a wajenmu ake sarewa a tara a cinna wa wuta lokacin sassabe. Ya buɗa shi da hannu ya ce, "Duba nan, ɗana." A ƙasa wani tsohon kututture ne baƙi, rassa sun fi goma sun fito daga jikinsa. Ya ɗan yi shiru yana dubawa kamar mai zaɓen rago, ya ware biyu da suka fi miƙewa, sauran ya bi su da adda ɗaya bayan ɗaya. Sara yake yi daga ƙasa zuwa sama, ya ce in ka saro daga sama ɓawon yakan tsage ya bi jikin itacen. Biyun da ya bari ya share musu ƙananan rassa har zuwa rabin tsayinsu, ya yago ƙyalle daga wani tsumma ya ɗaura wa ɗaya, alamar cewa da mai shi. Rassan da ya sare ya ɗaure su, itacen girkin ranar ke nan. Duka aikin bai kai minti biyar ba.

Na ce, "Kawu, ba gara a dasa sabo ba?" Ya ce dashe sai da ban-ruwa, sai da shinge, kuma a goma da wuya uku su kai baɗi. Wannan kuwa saiwarsa ta girme ni, ta riga ta kai inda ruwa yake, abin da take jira kawai a daina aske mata kai kowace shekara. Ya nuna mini wani kalgo da ya fi ni tsayi sosai, ya ce shekara huɗu ke nan da ya yi masa haka. Haka suke yi wa sabara da aduwa da magarya. Gawo kuwa yawanci daga kashin dabbobi yake tsirowa, aikin manomi shi ne ya gane shi tun yana ɗan tsiro ya kauce masa da hauya.

Da dare ana shan shayi a ƙofar gida, hira ta koma kan da. Kawu ya ce gawon da Inna ke tunawa na ƙuruciyarsu ne, da ta zo bayan fari na 1984 da ta yi kuka, don daga ƙofar gidan nan kana hango mai tahowa daga ƙauyen gaba. Ita wannan yunwar El-Buhari suke kiranta, saboda ta zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, hatsin Najeriya ya daina shigowa. Na yi shiru, ban taɓa jin sunan ba. Ya ce iska kan binne shuka da rairayi har sai an sake shuka sau biyu, sau uku, mata kuma na girki da kara da kashin shanu. Wani dattijo ya ƙara da cewa a wancan zamani itace na gwamnati ne ko a gonarka yake, in ma'aikatan gandun daji suka ga ka sare reshe sai tara, shi ya sa mutum kan tumɓuke tsiro tun yana ƙarami don kada ya rainar wa kansa fitina. Da aka sassauta, mutane suka ga abin da suka raina nasu ne, sai kowa ya fara bari. Wani ya kawo labarin da ake bayarwa na Sarkin Damagaram Tanimun, wai a zamaninsa wanda ya sare gawo a bakin ransa, aka yi ta gardama ko kai ake cirewa ko hannu.

Malamin makarantar garin, da suke kira mushe, shi ya kawo zancen Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, wanda a 1983 ya lura cewa ƙananan cunkus ɗin nan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa, ya yi ta yaɗa dabarar har aka sa mata suna sassabin zamani. Ya ce masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan sama da na yanzu sun ƙiyasta an farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, an kuma gyara dokar gandun daji a 2004. Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Baturen ya yi nasa a Maraɗi, Allah ya saka masa. Mu nan yunwa ce malamarmu." Ina ganin duka biyun gaskiya ne, amma na fi karkata ga Kawu, don ban ga allon wani shiri ko ɗaya a garin ba.

Kada in sa wa abin gishiri ya yi yawa. Garin ba aljanna ba ne. Ana satar itace da dare, ana rigima da makiyaya in suka sa barandami suka sassaro rassa, gonaki sai ƙanƙancewa suke yi saboda rabon gado, kuma macen da gidansu ba gona yanzu sai ta roƙi itacen da a da take tsinta kyauta. Samari da yawa na ci-rani a Kano da Libiya, har mata daga yankin kan tafi Aljeriya neman abin sakawa a baki. Gawo ya rage raɗaɗi, bai kore talauci ba.

Bikin an yi shi lafiya, an ci tuwon gero da miyar kuka, an sha fura har ta ishe ni. Na kawo wa Inna 'ya'yan gawonta biyar, ta daɗe tana jujjuya su a hannu ba ta ce komai ba, daga baya ta sa su a cikin kwallarta.

Da bazara na je gonarmu ta gado a wajen Ɗambatta, wadda Yaya ke nomawa. Na zaga na ƙirga kututture goma sha ɗaya masu tofo, kalgo da sabara, na yi musu yadda na ga Kawu ya yi, na ɗaura wa kowanne jan ƙyalle. Yaya ya tsaya yana kallona ya ce, "Kai da ka yi kwana huɗu a Nijar za ka koya mini noma? Mai tarakta ba zai yarda ya riƙa kewaye-kewaye ba." Na roƙe shi ya bar mini ko na bakin iyaka ne, ya ce zai duba. Da na koma bayan sallar layya, 'yan ƙodago sun share bakwai. Huɗun da ke kan iyaka suna nan, ɗaya ya kawo mini ƙirji.