Sana'ar Bin Salsala

Mu uku ne a ofishin, wani ɗan ɗaki a saman bene cikin birnin Kano: ni da ƙanwata da wani malami mai karanta ajami da Larabci. Mutum zai hawo ya ce yana son sanin inda kakanninsa suka fito, ko inda wani reshe na danginsu ya ɓace, mu kuma mu shiga nema.

Da gidanmu na fara. Kakana bafatake ne na goro, ya bi hanyar Gwanja har ya yi gida a zangon Kumasi. Babana ya dawo Kano a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, ya bar 'yan ubansa a can. Shekara biyu na yi kafin na gano su. Daga nan maƙwabta suka fara cewa in duba musu nasu, har abin ya zama hanyar cin abinci.

Babbar wahalar aikin nan suna ne. Bahaushe ba shi da sunan da ke bin zuri'a daga kaka har tattaɓa kunne. Ɗa ya ɗauki sunan ubansa, jika ya ɗauki na nasa uban, wani kuma sunan gari aka maƙala masa ranar da aka sa shi makarantar boko. Ka je ƙauye neman Muhammadu ɗan Abdu, a nuna maka goma. Laƙabi shi ke ceton mu: Dogo, Tanko, Maigoro, Na-Allah.

Ga kuma alkunya. Tsofaffin mata su suka fi kowa riƙe tarihin gida, sun san wa ya auri wa, wa aka goya, wa ya sha nonon wa. Amma tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, ko da sun shekara arba'in a ƙasa. Sai ta ce "malam", ko "mai sunan wancan yaron". Wannan fagen ƙanwata ne. Takan zauna kan tabarma ta ce, "Iya, wa aka mayar wa sunansa a gidan nan?" Iya ta nuna jika da haɓa, shi ke nan mun samu. Kirarin gida da tsagar fuska ma suna magana, ko da yake tsagar tana tafiya tare da masu ita.

Takardu kuwa ba su kai yadda mutane ke zato ba. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da Turawa suka rubuta kan gundumomi saboda haraji da jangali. Za ka tarar da sunan hakimi da dagaci, talaka kuwa lamba ce kawai a lissafi. Abin da ya fi yi mana amfani shi ne littafin rabon gado na kotun alƙali, in gara ba ta riga mu ba, domin a nan ne ake jera magada ɗaya bayan ɗaya, har da mata.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai na wani dattijo ne da ƙanen kakansa ya tafi hajji a ƙasa bai dawo ba. Hanyar sananniya ce: Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, Abeshe, Al-Junaina, Al-Fashir, Al-Ubayyid, har bakin Bahar Maliya. Da yawa guzuri ke ƙare musu, su tsaya aikin auduga a gonakin Jazira da ke Sudan, shekara ta zama goma. Wasu sun zauna a Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Abin da muke da shi wasiƙar ajami ce guda, rabi a cinye, mai ambaton Sinnar, wani gari kusa da Mai Wurno. Ta WhatsApp muka bi limami zuwa limami har muka dace da wata tsohuwa da ta rero kirarin gidansu dattijon, da Hausarta mai gaurayen Larabci. Ya saurari saƙon sau uku bai ce uffan ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 lambar ta daina shiga, har yau muna cigiya.

Akwai kuma masu zuwa da amsarsu a aljihu. Kowa so yake ya fito daga gidan sarauta ko sharifai. Wani attajiri ya biya rabin kuɗi, muka gano kakansa marini ne a Ƙofar Mata, sana'ar da ni ban ga abin kunya a cikinta ba. Ya ce in gyara, na ce ba na sayar da kakanni. Bai cika ragowar ba. Tun daga ranar nake karɓar kuɗina duka kafin in buɗe fayil.