Daga Jos zuwa Abuja, inda Kawu ya nuna mini raba mai da ruwa

Mun bar Jos bayan sallar asuba, muka gangara Hawan Kibo direba yana lallaɓa birki, muka wuce Akwanga da Keffi, sai cunkoson Mararaba ya riƙe mu har rana ta take. Kawuna ne ya kira ni. Injiniya ne mai kula da na'urori a wani jirgin tara ɗanyen mai da ke tsakiyar teku, irin na Bonga da ya fara aiki a 2005, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, kuma ya dawo hutu gidansa da ke Kubwa.

Bayan mun ci tuwo ya buɗe kwamfuta, ya ce: "Ɗana, rijiya ba mai zalla take fitarwa ba. Da ruwa yake fitowa, kuma idan ta tsufa ruwan yakan fi man yawa." Ya nuna mini hoton babbar tukunyar da iskar gas ke tashi sama a cikinta, mai ya yi iyo, ruwa ya kwanta. Wannan ruwan yana ɗauke da ƙananan ɗigon mai, don haka ake tura shi cikin wani bututu mai tsukakken gindi, ya riƙa juyawa kamar guguwa, ruwa ya manne da bango saboda nauyinsa, mai ya taru a tsakiya a zuƙe shi. Na tuna masu wankin kuza a gefen Bukuru, waɗanda su ma nauyi ne yake yi musu rabo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babu mai murɗa famfo da hannu. Na'ura ɗaya tana auna iyakar da ke tsakanin mai da ruwa a tukunyar, ta buɗe ko ta matse mafitar ruwa. Wata kuma tana daidaita matsi tsakanin mashiga da mafita biyu na bututun. Idan rijiya ta turo ruwa da yawa a lokaci guda, sai ta farkon ta wangale mafita, ta biyun ta shiga kokawa, mai ya sulale ya bi ruwan da ake zubarwa a teku. A Tekun Arewa da ke Turai ƙa'idar ita ce kada man da ke cikin wannan ruwan ya wuce miligiram 30 a kowace lita a matsakaicin lissafin kowane wata, a nan Najeriya kuwa hukumar kula da haƙar mai ta NUPRC ce ke sa ido.

Na ce: "Kawu, ashe aikinku zama ne kawai." Ya yi dariya, ya ba ni labarin daren da gilashin ma'aunin mai ya dafe, allo yana nuna musu lissafin da ba shi ne ba, sai da suka ɗebi ruwa a kwalba suka kai ɗakin gwaji suka gane. Tun daga ranar, in ji shi, ba ya karɓar aiki sai ya ga kwalbar da idonsa.

Washegari ya kai ni tashar mota a Nyanya, ya biya kuɗin kujerar gaba.