Daga Birni zuwa inuwar dogon yaro a Yamai

Ɗan ƙanwata ne ya ja ni wannan tafiya. Shekararsa 11, kuma tun ranar da malaminsu na lakwal ya gaya musu akwai kura mai rai a Yamai, ba ya shigowa gidanmu a unguwar Birni ta Damagaram bai ce, "Kawu, yaushe za mu?" ba. Da hutun Disamba ya zo, ni ma ga zumuncin da na daɗe ban sada ba a can, sai na ce uwarsa ta haɗa masa kaya.

Kafin kiran assalatu motarmu ta bar Damagaram, hunturu na ratsa ƙashi. Tafiya ce ta kusan kilomita 900. Gari ya waye mana wajen Tasawa, gawo ya yi kore shar a cikin gonakin da aka riga aka girbe, awaki na tsintar ƴaƴansa a gindi. Daga nan sai Maraɗi, Madawa, buhunan albasa jibge a bakin hanya a Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso. Na yi wa yaron alkawarin raƙuman dawa na Kure, amma ko da muka kai can duhu ya rufe. Ya manna goshi a gilashi har barci ya sace shi.

Yayana da ya sauke mu mutum ne mai tattaki kowace safiya, likita ya sa shi. Bayan asuba ya ce mu bi shi cikin dajin da ya yi wa birnin ɗamara ta arewa da gabas, wanda aka fara dasawa a 1965 don ya tare ƙura da iskar da ke kwararowa daga hamada. An yi masa tanadin hekta kusan 2,500, kuma yawancinsa dogon yaro ne, itacen da aka kawo daga Indiya ya zama ɗan gida. Muna sauka daga kwalta muka shiga tsakanin itatuwa, sai ƙarar motoci ta ja baya. Itatuwan a jere suke sahu-sahu kamar an ja igiya, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin takalmi, ga kukan kurciya ta ko'ina. Ba wanda ya shata hanyoyin ciki, ƙafar mutane da kofaton shanu da tayar amalanke ne suka fitar da su. Muka yi ta gamuwa da samari masu gudu, da wani ɗalibi yana kai da kawowa da littafi a hannu yana hadda, da belbela na bin garke. Mutumin da ya tashi cikin duwatsun Damagaram, inda rana ke dafa dutse ya kwana yana fitar da zafi, ba ya raina irin wannan sanyin.

Da muka yi nisa sai abin ya sake. Sahun itatuwa ya fara giɓi, kututture nan, kututture can, wasu saran bai ko bushe ba. Juji ya tashi tudu guda yana hayaƙi, baƙar leda ta maƙale a rassa. Yayana ya nuna min tubalan siminti da aka kafa alamar fili, ya ce lokacin da ya zo Yamai yana saurayi, duk nan ba ka hango sama sai ta tsakanin ganye. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fara faɗa a kan masu sara. A nan muka iske wani dattijo a ƙofar bukkarsa ta zana yana hura wuta. Muka gaisa, ashe mutumin wajen Tawa ne, fari ya koro shi da iyalinsa, kuɗin haya a cikin gari kuwa ya fi ƙarfinsa. Ya ce, "Malam, ni inuwar nan ita ce ɗakina, da wane hannu zan sare ta?" Ban ce komai ba, don ni na san abin da hannuna ya yi. Shekarun baya na sa aka sare dogon yaron da mahaifinmu ya dasa a ƙofar gida, saboda ina son fitar da shago. Ba yunwa ce ta sa ni ba.

Da hantsi muka nufi gidan tarihi na ƙasa, wanda kowa ke ce wa Muze, can ƙasa kusa da kogin Kwara. An buɗe shi a 1959, kuma yana ɗauke da sunan Bubu Hama, marubucin da ya daɗe yana shugabantar majalisar dokoki. Fili ne mai katanga, da manyan itatuwa da hanyoyi masu zagaye, maƙera da dukawa da masaƙa na aikinsu a rumfuna. Yaron bai tsaya kallon kowa ba, ya ja ni sai gaban kura. Ya yi tsit. Can ya ce, "Kawu, ashe da gaske ƙafafunta na baya gajeru ne." Tana ta kai gwauro tana kai mari a cikin keji, daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko ɗaga kai ba ta yi. Na tuna kakarmu tana ba mu labarin yadda ake jin kukanta da dare daga bayan ganuwa, ga ɗan jikarta sai da ya yini a mota kafin ya ga guda. Mun ga zaki kwance yana numfarfashi, mun ga kada, mun ga dorina ta leƙo da hanci ta koma. Ban ji daɗin ƙuncin wasu kejin ba, dabbar da Allah ya yi don daji tana bukatar wurin miƙe ƙafa. Duk da haka da babu gidan, da yaran talakawa irin namu sai dai a hoto.

Akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da suka rayu sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, waɗanda aka tono a Gadufawa ta ƙasar Agadas, har da wani kada da tsawonsa ya kusa na motar da ta kawo mu. Amma ni inda na daɗe a tsaye shi ne gaban itacen Tenere. Ƙandili ne ƙwaya ɗaya da ya rayu shi kaɗai a tsakiyar rairayi, kusa da rijiya, ayarin gishiri masu zuwa Bilma na yada zango a gindinsa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi, aka kwaso gawarsa aka gina mata rumfa a nan, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Busasshen icce ne kawai, amma ga shi da rufi da shinge da mai gadi, alhali dubban masu rai da na baro da safe ba su da mai cewa kul.

A hanyar dawowa, daga Tasawa zuwa Takeita, na yi ta duban gawo da wani ido. Ba shinge, ba mai gadi, amma manomi na barin tsiron da ya fito da kansa a gonarsa, ya rage masa rassa ya raine shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ya san ganyen zai zube da damina ya bar wa hatsi rana, ya zama taki, da rani kuma dabbobinsa su samu abinci.

Washegari da azahar yaron ya zo gida yana kwatanta wa kakarsa tafiyar kura, yana ɗingisawa a tsakar gida tana dariya. Da na fito ƙofa na tsaya a kan dakalin da na zuba siminti bisa kututturen nan. Inna ta biyo ni da tabarmarta a hannu, ta duba gabas ta duba yamma, sannan ta shimfiɗa ta a ɗan siririn inuwar da katanga ta bari.