Faifan da Babu Waƙa a Kansa

Bayan shekaru ina kiɗa a wuraren biki da faya-fayan garmaho, na koma amfani da manhajar Serato, wadda ke kunna waƙoƙin da ke cikin kwamfuta, domin ɗaukar akwatunan faya-fayai ya ishe ni. Faifan da nake ɗorawa a kan na'urar juya faifai ta Technics yanzu ba shi da waƙa ko ɗaya, wani siririn sauti ne kawai a kansa wanda allura ke karantawa, ta sanar da kwamfuta saurin juyawarsa da inda hannuna ya ja shi, ita kuma kwamfutar ta kunna waƙar daidai da haka. Na gwada wasu manhajoji masu irin wannan aiki, wato Traktor da kuma Mixxx, wadda kyauta ce, amma Serato ce ta fi kwanta mini a rai. A daren farko ƙura ta taru a bakin allurar, waƙa ta riƙa tsalle ana tsakiyar rawa, sai da na tsaya na goge ta da buroshi.